Darasin Kimiyya: Kafa Rumbun Ajiyar Bayanai Cikin Kwantena Domin Gwaji a Gida

Wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Gure lokacin da ake lodin kanwa ko dabino zuwa Damagaram ya ga wani tsari da ba a koyar da shi a lakwal. Mai kaya zai kawo buhunsa a ɗinke. Ɗan kamasho zai ɗauki alƙalami mai kauri ya rubuta suna da lambar waya a jikin buhun. Ba wanda zai farke ɗinkin don ya ƙara mudu ɗaya ko ya rage. Wanda zai karɓi kayan a can kuma ba ruwansa da ko a gaban mota aka ɗora su ko a baya. Suna kawai zai faɗa, a miƙo masa buhunsa. Ɗalibai, ku riƙe wannan buhu a zuciyarku, domin darasinmu na yau a kansa ya ginu.

Bari mu ɗauka wasu matasa a nan Gure suna rubuta manhaja domin masu kula da kwarurukan ƙasar Muniyo, inda rairayi ke cin gonaki da itatuwan dabino da goriba. Kowane wata ma'aikaci zai fita da waya ya ɗauki hoton tudun rairayi da shingen da aka kafa don tare shi, domin a gwada hoton bana da na bara a ga ko tudun ya matso. Kafin shekara ta zagayo hotunan sun kai dubbai. A ina za a ajiye su? Idan aiki ya kankama, za a ajiye su a wata babbar na'ura da ke haɗe da intanet dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Amma kafin a kai can akwai watanni na rubutu da gyara da sake gwaji. In aka ce kowane gwaji sai hoto ya tafi cibiyar Amazon da ke Faris ko ta Cape Town ya dawo, to aikin yana hannun rezo, yana cin kuɗin data, kuma sai an nemi katin banki mai biyan kuɗin waje. Abin da za mu koya shi ne yadda mutum zai gina ƙaramin rumbu irin wancan babban a cikin kwamfutarsa, ya yi ta gwaji ko da rezo ya ɗauke kwana uku.

Mu fara daga tushe. Kwamfuta ba ta san hoto ba, ba ta san murya ba. Abin da ta sani shi ne jerin sifili da ɗaya. Kowane guda a cikinsu sunansa bit, takwas daga ciki kuma su ne bayit ɗaya. Bayit kimanin miliyan ɗaya shi ne megan da kuke saye a waya. Saboda haka hoton tudun rairayi ba kome ba ne illa dogon jeri na bayit, sau da yawa miliyan biyu zuwa biyar. Tambayar ajiya kuwa ita ce: ta wace hanya za a jibge wannan jeri, kuma ta wace hanya za a sake gano shi?

Hanyoyi uku ne suka shahara. Ta farko ita ce wadda kowa ya saba da ita, wato fayil a cikin folda, folda a cikin wata folda, kamar tukunya a cikin ɗaki, ɗaki a cikin sashe, sashe a cikin gida. Kafin ka kai ga tukunyar sai ka bi ta zaure. Ta biyu tana can ƙasa inda ido ba ya gani: ana yanka faifan ajiya gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa da lambarta, babbar manhajar na'ura ce kawai ta san wace gunduwa ke bin wace. Ta ukun ita ce tamu ta yau, kuma za mu kira ta ajiyar ƙunshi.

Ƙunshi shi ne buhun nan na tasha. Yana da abubuwa uku. Akwai abin da ke ciki, wato bayit ɗin hoton kansa. Akwai rubutun jiki, wanda ke faɗin girman ƙunshin, da irinsa, da ranar da aka ajiye shi, da duk wani bayani da mai shi ya ga damar ƙarawa, kamar sunan kwarin da aka ɗauki hoton. Sai kuma laƙabi, wato suna guda ɗaya tak da ake kiran ƙunshin da shi. Ana zuba ƙunsassan a cikin abin da masu wannan sana'a ke kira bokiti, kuma a cikin bokiti ɗaya laƙabi biyu ba sa zama iri ɗaya.

A nan akwai abu biyu da ke rikita sabon shiga, don haka mu tsaya a kansu. Na farko, a tsarin ajiyar ƙunshi babu folda. Za ku ga laƙabi kamar 2025/janairu/tudu.jpg, ku ɗauka akwai foldar 2025 da ta janairu a cikinta. A'a. Duk wannan rubutu suna ne guda ɗaya, karkatacciyar sandar da ke tsakani kuma harafi ce kamar kowane harafi. In kun ce a nuna muku abin da ke "cikin" 2025, abin da rumbun ke yi shi ne ya zaƙulo duk laƙabin da ya fara da waɗannan haruffa. Na biyu, ba a gyara ƙunshi a inda yake. Ba a farke buhu. In kana son canja ko da bayit ɗaya ne, sai ka kawo sabon ƙunshi cikakke ka ɗora shi a kan laƙabin tsohon. Da ji za ku ce wannan naƙasu ne. Amma shi ne sirrin ƙarfin tsarin: tunda ƙunshi ba ya canjawa, ana iya kwafarsa a na'urori da yawa ba tare da fargabar wani kwafi zai saɓa wa wani ba. Shi ya sa tsarin ya dace da hoto da murya da bidiyo da takardun da aka ɗauka a hoto, bai kuma dace da lissafin shago da ke canjawa kowane minti ba. Wannan aikin ma'ajiyar teburan bayanai ne, kuma darasinta daban.

Kamfanin Amazon ne ya fito da wannan hidima fili a watan Maris na 2006, da suna S3. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu ba na'urorin kamfanin ba ne, yaren da ake magana da su ne. Manhaja tana aika saƙo ta hanyar HTTP, wato hanyar da shafukan intanet ke bi su iso wayarku. In tana son ajiya sai ta ce PUT, in karɓa take so ta ce GET, in sharewa ne ta ce DELETE. Da tafiya ta yi tafiya wannan yare ya zama kamar Hausa a kasuwannin yankinmu: Babarbare da Bafillace da Buzu kowa da harshensa a gida, amma ciniki da Hausa ake yi. Wasu mutane suka rubuta nasu manhajojin rumbu masu jin yaren S3, waɗanda kowa zai iya ɗorawa a tasa na'urar. Ɗaya daga cikinsu ita ce MinIO, wadda aka kafa kamfaninta a 2014, aka rubuta ta da harshen shirya manhaja mai suna Go. Ga inda amfanin yake: manhajar matasanmu ba ta bambance ko da Amazon take magana ko da MinIO da ke cikin kwamfutar da take zaune a kai. Adireshi da makullai kawai ake canja mata.

Saura kwantena. Kun san kwantenar ƙarfe da manyan motoci ke ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Lome. Kafin a ƙirƙiro ta, kowane kaya da irin lodinsa: buhu daban, ganga daban, katako daban, jirgi ya yi kwanaki a bakin ruwa ana dako. A watan Afrilu na 1956 wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Malcom McLean ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Hikimar ita ce akwatin girmansa ɗaya, maƙalansa ɗaya, ko me ke ciki. Mai ƙugiya ba ya tambayar atamfa ce ko shinkafa.

Masu manhaja suna da irin wannan matsala. Manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Tana dogara da wasu ƙananan manhajoji da saituttuka, kowanne da sigar da ta dace da shi. Sai ka ga abu ya yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta shi, an kai shi ta abokinsa ya ƙi tashi. Kwantenar manhaja ita ce a ɗaure manhajar tare da duk abin da take bukata a ɗauri ɗaya, yadda duk inda aka sauke ta za ta tashi iri ɗaya. Manhajar Docker, wadda Solomon Hykes ya gabatar a watan Maris na 2013, ita ta sauƙaƙa wannan aiki har ya shiga hannun kowa, ko da yake dabarun da ta hau kansu sun girme ta.

Yaya abin yake aiki a ciki? Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, irin su Windows ko Linux. A tsakiyar babbar manhajar akwai ƙwaya, wadda ita ce ke raba wa kowace manhaja lokacin ƙwaƙwalwar na'ura, da wurin tunawa, da hanyar faifai da ta sadarwa. Ku ɗauki ƙwayar nan a matsayin mai gidan haya. Ƙwayar Linux tana da dabaru biyu. Da ta farko tana kewaye ɗan haya yadda ba zai ga kowa ba sai ɗakinsa: fayilolinsa daban, ƙofofin sadarwarsa daban, har ya ɗauka shi kaɗai ne a gidan. Da ta biyu, wadda injiniyoyin Google suka fara rubutawa ta kuma shiga ƙwayar Linux a 2008, tana auna masa abin da zai ci, kamar a ce guga kaza za ka ja daga rijiya a yini. Kwantena ita ce manhajar da aka yi wa waɗannan abubuwa biyu. Akwai wata tsohuwar hanya ta kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin kwamfuta, da tata ƙwayar da kome da kome; wannan kamar gina sabon gida ne daga tushe a tsakar gida, yana cin wuri yana cin lokaci. Kwantena kuwa ɗaki ne a gidan da aka riga aka gina, shi ya sa take tashi cikin daƙiƙoƙi. Mai amfani da Windows ya sani cewa Docker tana kunna ƙaramar Linux a ɓoye ta hanyar abin da ake kira WSL 2, don haka tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin wurin tunawa za ta ji nauyi. Shawarata ga mai irin wannan na'ura ita ce ya ɗora mata Linux kai tsaye.

Kalma ɗaya ta rage kafin mu sa hannu, ita ce mazubi. Mai buga bulo yana da mazubi ɗaya, yana fitar da bulo ɗari da shi, in ɗaya ya fashe ba ya kuka, sai ya sake bugawa. Mazubin manhaja shi ne ɗaurin da ake saukowa da shi daga intanet, ba ya canjawa. Kwantena kuma ita ce bulon da aka buga daga gare shi. Sau ɗaya ake sauko da mazubi. Wannan magana tana da daraja a garin da yake fiye da kilomita 150 gabas da Damagaram. Mutum ɗaya ya sauko da shi lokacin da rezo ke da ƙarfi, ya mayar da shi fayil guda da wannan umarni:

docker save -o rumbu.tar minio/minio

Sai ya zuba fayil ɗin a kile, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa filas, ya zagaya da shi. Kowa ya shigar da shi tasa na'urar da docker load -i rumbu.tar, ba tare da ya kashe mega ko ɗaya ba. Abin lura kawai shi ne mazubin da aka yi wa kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel ko AMD ba shi ne na ƙananan na'urori irin Raspberry Pi ba, kowanne da nasa.

Yanzu ga umarnin da zai tayar da rumbun. A layi ɗaya ake rubuta shi a tagar umarni:

docker run -d --name rumbu -p 127.0.0.1:9000:9000 -p 127.0.0.1:9001:9001 -v kayan-rumbu:/data -e MINIO_ROOT_USER=malami -e MINIO_ROOT_PASSWORD=sirrin-gwaji-2468 minio/minio server /data --console-address ":9001"

Kada tsawonsa ya tsorata ku, kuma kada ku kwafe shi ido rufe. Mu warware shi. Kalmomin docker run suna nufin a buga kwantena daga mazubi a kunna ta. Harafin d yana cewa ta koma gefe ta ci gaba da aiki, ta bar mana tagar. Sai muka raɗa mata suna rumbu.

Wuraren da harafin p ya fito sau biyu maganar ƙofa ce. Kowace kwamfuta tana da ƙofofin sadarwa masu lamba, har zuwa 65535, kowace manhaja tana sauraro a bakin tata. Mun ce kwantena a kewaye take, don haka ƙofofinta ba sa fita waje sai an huda mata hanya. A nan mun haɗa ƙofa ta 9000 ta kwamfutarmu da ta 9000 ta kwantena. Ta nan manhajoji za su yi magana da yaren S3. Ta 9001 kuma ta mutum ce, ta nan ake buɗe shafin da ake ganin bokitai da ido. Lambar 127.0.0.1 adireshi ne na musamman da ke nufin "ni kaina". Sa shi a gaba yana nufin ba wanda zai taɓa rumbun sai wanda ke zaune a gaban wannan kwamfutar. In kun cire shi, duk wanda kuke kan wifi ɗaya da shi zai iya zuwa bakin ƙofar.

Harafin v shi ne inda nake so ku fi buɗe kunne. Duk abin da kwantena ta rubuta a cikin cikinta, ranar da aka share ta tare suke tafiya. Na ga ɗalibi ya kwashe yamma guda yana loda hotunan gwaji, ya share kwantenar don ya gyara harafi ɗaya a umarni, ya sake tayar da ita, ya buɗe shafin ya tarar da shi fayau. Ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba. Ba lalacewa na'urar ta yi ba, haka aka gina ta. Maganin shi ne a ware wani wuri a faifan kwamfuta, a wajen kwantena, a ce mata duk abin da za ta zuba a /data ta zuba shi can. Wurin nan shi muka kira kayan-rumbu. Kwantena ta zama kamar mai gadi: ana iya canja shi gobe, hatsi yana nan a rumbu.

Harafin e sau biyu yana miƙa wa kwantenar sunan shugaba da kalmar sirrinsa. MinIO ba ta karɓar kalmar sirrin da ba ta kai haruffa 8 ba. In ba ku ba ta kome ba, za ta yi amfani da minioadmin a matsayin suna da kalmar sirri duka, abin da duk mai wannan sana'a a duniya ya sani. Ragowar umarnin kuma yana gaya wa MinIO ta tashi a matsayin uwar garke, ta ajiye kaya a /data, ta buɗe shafinta a ƙofa ta 9001. Wani abu da ya kamata ku saba da shi: mazubai suna da sigogi, na MinIO ana rubuta su da kalmar RELEASE da kwanan wata. Ku zaɓi siga ɗaya ku rubuta ta a bayan sunan mazubin, kowa a ƙungiya ya yi aiki da ita, don kada gwajin wani ya bambanta da na wani.

Gani ya kori ji. Ku rubuta docker ps ku ga ko rumbu yana cikin masu aiki. In ba ya nan, docker logs rumbu zai nuna muku abin da ya faɗa kafin ya mutu, kuma galibi dalilin yana rubuce a layin ƙarshe. In yana nan, ku buɗe http://127.0.0.1:9001 ku shiga da suna da kalmar sirri. Akwai kuma ƙaramar manhajar umarni mai suna mc. Da mc alias set ake gabatar mata da rumbun a ba shi gajeren suna, a ce gida. Sai mc mb gida/hotunan-kwari ya ƙirƙiri bokiti, mc cp ya ɗora hoto ko ya sauko da shi, mc ls ya jero abin da ke ciki.

A wurin raɗa wa bokiti suna harshenmu zai ci karo da doka. Sunan bokiti dole ya kasance tsakanin haruffa 3 zuwa 63, ƙananan haruffan boko marasa lanƙwasa, da lambobi, da ɗan karan tsakiya ko ɗigo. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Laƙabin ƙunshi kuwa ya fi sakewa: yana karɓar haruffanmu, iyakarsa bayit 1024, kowane harafi mai lanƙwasa kuma yana cin bayit biyu. Amma ku kula. Mu a Nijar muna rubuta ƴan, a Najeriya suna rubuta 'yan. A kunne kalma ɗaya ce, a wurin rumbu laƙabi biyu ne da ba su san juna ba. Haka Gure da babban baƙi da gure da ƙarami. Irin wannan ne ya sa nake ganin gwajin gida ya fi ƙarfin a kira shi tsimin kuɗi. Wanda ya rubuta manhajar rumbun a wata ƙasa ba zai gwada muku ƴ ba. Ku ne za ku gwada, kuma gara ku gano matsalar da hotuna goma a ɗakinku da ku gano ta bayan an tara dubu goma.

Mu dubi yadda rumbun ke tantance mai magana da shi, domin akwai tarko a nan. Manhaja ba ta aika kalmar sirri a kan hanya. Tana haɗa abin da take nema, da adireshin rumbun, da lokacin da take nema, ta dama su da makullin sirri ta hanyar wani lissafi, sai wani dogon jerin haruffa ya fito, shi ne sa hannu. Rumbun yana da kwafin makullin, sai ya yi lissafin a nasa ɓangaren. In sakamako ya zo ɗaya, ya yarda. An sa lokaci a ciki ne don kada wani ya saci saƙon yau ya sake aika shi gobe. Saboda haka in agogon mai nema da na rumbu suka saɓa da fiye da minti 15, rumbun zai ƙi. Wannan ya taɓa cinye mini yini guda. Rumbun yana kan wata tsohuwar kwamfuta, ina aika masa hoto daga wata, yana ta kora ni. Na canja kalmar sirri, na sake buga kwantena, ba abin da ya sauya. Sai can da la'asar idona ya faɗa kusurwar allon tsohuwar na ga kwanan watan shekarun baya. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon na'ura ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke sai agogon ya koma baya, kuma ba intanet ɗin da zai daidaita shi. Ku duba agogo, ku kuma tabbata an saita yankin lokaci daidai: Nijar tana gaban agogon GMT da awa ɗaya.

Tarko na biyu yana cikin 127.0.0.1 ɗin nan. Mun ce ma'anarsa "ni kaina", to ya danganta da wa ke faɗa. In manhajarku tana cikin wata kwantena daban, "ni kaina" a bakinta ita ce kwantenar, ba kwamfutar ba, don haka ba za ta sami rumbu a can ba. Sai an sa kwantenonin biyu a kan zaren sadarwa ɗaya na Docker, ta kira shi da sunansa, rumbu:9000. In kuma da waya za ku gwada, "ni kaina" wayar ce. Sai ku haɗa wayar da kwamfutar a wifi ɗaya, ko da babu data a kai, ku buɗe ƙofar da gangan, ku yi amfani da adireshin kwamfutar a wannan wifi, wanda galibi yake farawa da 192.168. Akwai kuma saiti ɗaya a yawancin kayan aikin S3 da ke cewa a sa sunan bokiti a bayan adireshi maimakon a gabansa; a gwajin gida shi ake kunnawa.

Da zarar abu ya tashi, to a fara ɓata shi da gangan, don nan ne ainihin gwaji yake. Ma'aikacin da ke bakin kwari zai loda hoto da rezo mai zuwa yana ɗaukewa. Yaren S3 ya tanadi hanyar yanka babban ƙunshi kashi-kashi, kowane kashi aƙalla mega 5 in ban da na ƙarshe, har zuwa kashi 10,000, yadda in hanya ta yanke sai a sake aika kashin da ya faɗi kawai. Manhajarku ta iya wannan? Ku fara loda babban bidiyo, yana tsaka da tafiya ku rubuta docker stop rumbu, ku ga abin da za ta yi. Za ta gaya wa mai ita gaskiya, ko za ta ce an ajiye alhali ba a ajiye ba? Ku ba ta kalmar sirri ta ƙarya. Ku nemi laƙabin da babu shi. Ku gwada adireshin wucin gadi, wanda rumbu ke sa wa hannu don wani ya ga hoto ɗaya na ɗan lokaci, iyakarsa kwana 7. Ku sa masa minti ɗaya, ku jira, ku tabbata ya mutu. A rumbun haya ba za ku iya kashe na'urar don ku ga halin manhajarku ba. A naku kuwa wuƙa da nama suna hannunku.

Dole kuma in gaya muku iyakar wannan rumbu. A kan faifai ɗaya yake. Manyan rumbuna suna rarraba kowane ƙunshi a faifai da yawa tare da ƙarin gutsattsarin lissafi, bisa dabarar da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960, yadda ko wasu faifan sun mutu za a sake haɗa ƙunshin daga ragowar. Namu ba shi da wannan. In zafin bazara ko ƙurar hunturu ta kashe faifan, kome ya tafi. Saƙonninsa ma a buɗe suke tafiya, tunda http muka yi amfani da shi ba https ba. Don haka kada hoton katin ɗan ƙasa na wani, ko takardar asibitinsa, su shiga rumbun gwaji. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma ko babu doka amana ce. Hoton akuya da na bishiya sun isa gwaji.

Game da MinIO kanta, tun 2021 tana ƙarƙashin lasisin AGPL siga ta 3, wanda ke da sharuɗɗa ga mai gyara ta ya yi wa jama'a hidima da ita. A 2025 kuma kamfanin ya rage abubuwa da dama daga shafin sigar kyauta, ya daina fitar mata da sababbin mazubai. Tsofaffin mazuban suna yin aikin gwaji a cikin ɗaki, amma ban ba ku shawarar fitar da su intanet ba. Akwai wasu rumbunan masu jin yaren S3: Garage, wanda ƙungiyar Deuxfleurs ta Faransa ta rubuta domin ƙananan na'urori da layukan sadarwa marasa ƙarfi, da SeaweedFS, da Ceph wanda ya yi wa kwamfuta ɗaya nauyi. Umarnin tayar da kowanne daban ne, amma mazubi da ƙofa da wurin ajiya na waje da makullai duk suna nan yadda muka koya. Shi ya sa nake so adireshin rumbu da makullansa su zauna a fayil ɗin saiti, kada a dasa su a tsakiyar rubutun manhaja.

Ga aikin gida. Ku tayar da rumbun, ku ƙirƙiri bokiti, ku ɗora hoto ɗaya da laƙabi mai ɗauke da ƙ da ƴ. Kafin ku ɗora, ku auna hoton da umarnin sha256sum, wanda ke fitar da haruffa 64 da suke kamar zanen yatsan fayil, ku rubuta su a littafi. Sai ku share kwantenar da docker rm -f rumbu, ku sake buga wata da umarnin farko, ku sauko da hoton, ku sake aunawa, ku gwada da abin da ke littafi. Bayan haka ku sake share kwantenar, wannan karon ku haɗa da docker volume rm kayan-rumbu, ku tayar da sabuwa ku leƙa ciki. Ku zo mini da abin da kuka gani a karo na farko da na biyu, kowa da bayanin dalili a rubuce da hannunsa.